Buhu Ashirin

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayen riɗi da dawa a kasuwar Suki. Zafin ranar nan da rigimar dillalai suka ishe ni, na sayar da rumfata, na kama aiki a wani ofishi mai ba manoma rance. Aikina in duba gona, in duba farashi, in faɗi buhu nawa za ta yi. A kan maganata ake yanka abin da za a ba mutum. Mudir, wato shugaban ofishin, wani Balarabe mai tabarau, ya ce gwaji ne na wata uku. Mai ɗakina kullum tambayarta ɗaya: in sun kore ka, ina muka nufa? Ni ma ban sani ba. Tun da na fara ko kisra, gurasarmu ta nan, ba ta wuce mini da daɗi.

Fitarmu ta farko ni da mudir, muka nufi wajen garin Abu Na'ama. Gonar wa za mu tarar? Ta abokin mahaifina, tsohon da tare suka taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, suka zo nan gabas suka zauna cikin Larabawa. Kuɗin 'yan yanka yake nema. Riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube ƙasa.

Na shiga gonar. Riɗi ya yi kyau, wallahi ya yi! Ido kawai na jefa na san buhu arba'in na nan. Mudir ya buɗe littafi ya ce, "Kam shuwal?" wato buhu nawa.

To, bakin ɗan kasuwa fa ba ya shawara da mai shi. Na murza kwanso ɗaya, na yamutsa fuska, na ji kaina ina cewa, "Kai, ba ido. Ishirin." Haka muke buɗe ciniki, ka kushe kaya, ka taya rabi.

Tsohon ya yi dariya, don ya san wasan. Ya ce, "Albarka, ɗana!"

A wurinmu wannan kalma ƙi ce: ban sallama ba, ƙara. Mudir kuwa ba ya jin Hausa. Baraka ta Larabci ya ji, ya ɗauka godiya ce tsohon yake yi. Ya gyaɗa kai, ya rubuta ashirin, ya rufe littafi.

Tsohon na kallona yana jiran in hau talatin. Ni kuma ina kallon tabarau ɗin nan. In ce mene? In ce, ya mudir, lambar farko ƙarya ce, haka muka saba? A fitar farko? Wane ofishi zai riƙe mai kimantawa irin wannan? Na tuna rumfata tana hannun wani.

"Baba, sai mun sake zagayowa," na ce. Shi ke nan abin da na iya. Tir da ni.

A mota na buɗe baki ya fi sau biyar. Na ce a raina sai mun wuce turʼa, babbar hanyar ruwa. Muka wuce. Na ce sai gobe a ofis. Gobe ta yi, takarda ta riga ta hau sama da sa hannuna.

Rabin abin da ya nema aka ba shi. Ya ɗauki 'yan yanka kaɗan, suka kasa cim ma gonar, sauran ya zube. Duk makonnin nan ko tari mudir ya yi sai in ce yau asirina ya tonu.

Ranar da wata uku suka cika ya kira ni. Na shiga. Ya miƙe, ya ba ni hannu, har da aiko a kawo shayi. Ya ce sakamakon gonar tsohon nan ya zo: buhu ashirin da ɗaya. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ido irin nawa ba, an tabbatar da ni.

Na sha shayin nan har ƙasa, don yana kallona.