Rumbun da Kawu Ya Sa Ni Shiga

Jiya ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu ya doki hancina a hanyar Kamarawa, sai zuciyata ta tafi wurin Kawu maginin rumbu, Allah ya jiƙansa.

Na tuna ranar da na dawo daga neman aikin gadi a Sabon Birni. Layi suka ja da gawayi a jikin bango, duk wanda kansa bai kai ba ya koma gida. Nawa bai kai ba. Kunya ta hana ni zuwa zance wurin Hadiza, gani nake ita ma da layin za ta auna ni.

Na iske Kawu yana cuɗa ƙasa da ƙaiƙayi, wando a naɗe. Shi ma bai fi ni tsawo ba. Ya saurare ni, ya yi dariya.

"Ɗana, bangonsu sunka auna. Hau tsanin ga ka shiga rumbun, za ni miƙo maka ƙasa."

A cikin rumbun, dogayen ma'aikatansa a duƙe suke wuni har baya ya ƙage. Ni kuwa na miƙe cak, haske yana sauko mini daga sama kamar farin wata. Kafin la'asar na shafe shi tas.

"Ka gani? Kowane tsawo da aikinai. Wanke hannu ka tai wurin yarinyag ga."

Na tafi da yumɓu a farcena. Yau Hadiza ce uwar 'ya'yana, kuma har daga garin Isa ake kirana shafen rumbu.

Allah ya yalwata makwancin Kawu, ya sanyaya shi fiye da cikin sabon rumbu.