Gumsu da Magungunanta Uku

A Fagge har gobe akwai masu rantsuwa cewa tarin Gumsu ya taɓa tayar da jirgin Ikko kafin lokacinsa. Wai ta yi tari daga tsakar gida, direba ya ɗauka usur ne, ya ja, ya bar fasinjoji baki buɗe. Ƙarya ce tsagwaronta! Ran nan ina tasha ina dako, jirgin ma makara ya yi. Kajin maƙwabta kaɗai tarin ya watsa.

Gumsu 'yar kawuna ce, abokiyar wasata. Turaren wuta take haɗawa, sana'ar da kakarmu ta taho da ita daga Barno. In ta ɗora kasko, har matan Sabon Gari hanci ke jawo su ƙofar gidan.

A 1957 ta rame, ta koma kamar tsinken tsintsiya. Likita ya ce tarin fuka ne. Ya ba ta allura, da 'yar ƙwaya fara, da wani gari mai ɗacin da ko akuya ta lasa sai ta yi hijira. Ya kuma ce a raba ta da 'yarta Yakaka, wadda ko tafiya ba ta fara ba, har sai tarin ya mutu. Aka kawo yarinyar gidanmu da ke jikin nasu, wajen innata. Kullum da hantsi Gumsu kan hau turmi ta leƙo ta katanga, ta yi ta kallonta.

Wata da watanni, tari na nan. Sista Philomena, nas ɗin da ke zuwa daga Sabon Gari a keke tana yi mata allura, ta buɗe wata kwalla tana neman auduga, sai ga ƙunshin garin nan jibge, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Uwar Yakaka, mene ne wannan?"

"Layi yake bi, Sista. Kakarmu ta ce ba a haɗa magani biyu a ciki ɗaya, faɗa suke yi. In ƙwayar ta ƙare, sai shi."

Na ƙyalƙyale da dariya daga bakin ƙofa. Philomena kuwa zama ta yi kan tabarma.

"Turaren da kika haɗa mini na biki, me da me kika sa?"

"Hawi, da sandal, da kajiji."

"To gobe ki ba ni kajiji kaɗai. Sandal ya jira baɗi."

"Haba Sista! Ai wannan hayaƙi ne kawai, ba turare ba."

"Haka cutar nan take ganin naki maganin. In ya zo mata a rarrabe, sabawa take yi da shi, har ya daina cin ta. Kina son yarinyar can ta yi wayo tana kiran wata Inna?"

Gumsu ta dubi katanga. Ta kwance ƙunshi guda, ta dama, ta rufe ido ta shanye. Fuskar da ta yi, da an rataye ta a gona, ba tsuntsun da zai sauka. Haka ta yi ta haɗa su kullum, tana amai tana komawa, har damina ta zagayo.

Ranar da likita ya ce ta ɗauki 'yarta, Yakaka ta maƙale wa innata, ta ƙi zuwa. Gumsu ta durƙusa, ta miƙa mata gefen zane kawai. Yarinyar ta sunsuna, ta sake sunsunawa, sai ta tusa kai cikin jikin uwarta ta yi luf.

Ganin idon kowa ya kawo ruwa, na ce, "Ki dai riƙe tarinki, jirgin Ikko bai gama lodi ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kyari, ni magani uku suka gyara ni. Kai ko talatin aka dama maka, bakin nan ba zai warke ba. Matsa, kana tare mana iska."