Firmino da Fitilar Garken Tumaki

Firmino Caeiro bai taɓa shan kofi a zaune a shagona ba. A tsaye yake kurɓewa, idonsa na kan hanya. Haka yake tun muna yara. Ya yi birkila a Faransa, ya tuƙa babbar mota a Jamus, ya buɗe shagon gyaran famfo a birnin Évora, ya rufe cikin wata bakwai.

Yana da shekara hamsin da takwas wani kamfani ya sayi tudun bayan ƙauyenmu, saboda hasken gari ba ya kaiwa can. Suka gina rumfuna masu rufin da ke zamewa, suka jera na'urorin hangen taurari guda arba'in. Masu su suna ƙasashensu, daga ɗaki suke juya su ta kwamfuta suna ɗaukar hoton sama. Amma idan rufi ya cije, ko gizo-gizo ya yi saƙa a madubi, sai an sami mai hawa tudun. Firmino ya karɓi aikin.

Cikin masu na'urorin akwai Madam Annelies, wata tsohuwa 'yar Holan da ba ta iya tafiya sai a keken guragu. Hoto ɗaya take haɗawa, na wani jan hayaƙi da ke tsakanin taurari, kuma sai ta tara dare talatin masu duhu kafin wannan yanki na sama ya faɗa yamma, ya daina ganuwa sai baɗi. Ta kai dare sha ɗaya sai ta kira Firmino, ta ce hotunan sun fara yin fari.

Bai sha wahalar neman dalili ba. Gervásio ne, ƙanin matarsa, ya kafa ƙatuwar fitila a garkensa.

A shagona suka haɗu.

Firmino ya ce, "Kai, mai tumaki, jarida suke karantawa da dare?"

"Karnukan daji sun cinye min 'yan raguna shida, yaya. Matar taka ta Holan ce za ta haifo min wasu?"

"Kashe fitilar na wata ɗaya kawai."

"To ka zo ka kwana a garken kana haushi."

Firmino bai zauna ba. Ya yanka gwangwanin man zaitun ya yi wa fitilar hula, iska ta cire. Ya ja waya mai lantarki kewaye da garken, ta kama Gervásio da kansa. A rana ta huɗu ya tsallaka iyaka zuwa Sifen da motarsa, ya dawo da wata karyar gadin tumaki mai girman maraƙi, ya bar ta a garken. Dare biyu ba a taɓa ko rago ɗaya ba, Gervásio ya kashe fitilar yana gunaguni.

Bayan wata biyu hoton ya iso ta gidan waya, muka rataye shi a bangon shagona. Gervásio ya ce kamar huhun tunkiya, amma kullum sai ya tsaya a gabansa. Firmino kuwa sau ɗaya ya kalle shi, ya ce ya ji ana neman mai irin aikinsa a hamadar Chile.

Matarsa Deolinda ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ni da kajina muna nan."

A watan Maris ya tafi. Jiya ya kira ni, ya ce sama ta can ta fi tamu duhu, burodinsu ne dai ba ya ciyuwa. Kafin ya kashe ya tambaye ni ko na san wani a Namibiya.