Shekara Bakwai Bayan Ya Modu, Mai Zanen da Bai Sa Sunansa Ba

Yau shekara bakwai ke nan da aka kai yayana Modu makwancinsa. Mu ƙannensa Ya Modu muke ce masa. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, bai cika arba'in ba. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin ba zan iya ba da labarinsa ba tare da na faɗi nawa laifin ba. Bana dai na ce ko da ɗaci sai na faɗa.

Mai zane ne. Yana da 'yar rumfa a bakin titi a Moduganari, inda yake rubuta allunan shaguna: teloli, masu aski, masu sayar da turaren wuta. Da wannan yake ci da iyalinsa. Amma idan la'asar ta yi, sai ya ture allunan gefe ya zana abin da ransa ke so. Ya fi son masu wankin hula. Yakan zana su a tsugune, ga huluna jere a rana kamar tukwane a kife, har ka ji kamar za ka shaƙi ƙamshin sitaci. Mutanensa duk a cikin aiki suke, ko suna gardama, ko suna dariya. Haka yake ganin garin nan.

Da fitina ta yi tsanani, ma'aikatan agaji suka cika unguwar GRA, sai wani mutum mai suna Haruna ya fara zuwa rumfar. Mai fara'a ne, bakinsa kamar zuma, kuma ya san ƙofar kowane gidan baƙi. Ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya bai tsaya ba, sai da ya zo kan wani ƙarami da aka jingine a baya. Hotona ne. Ya Modu ya zana ni ranar da aka aiko mana an kashe kawunmu a hanya, ina zaune a ƙofar ɗaki na yi tagumi. Ba don sayarwa ya yi shi ba. Haruna ya tafi da shi, bayan kwana uku ya dawo yana cewa baƙi sun yaba, a yi masa irinsa guda biyar. Ya ƙara da sharaɗi: kada a sa suna, wai sun fi so su ji cewa daga sansanin 'yan gudun hijira zanen ya fito.

Da ni ya fara yin shawara. Na same shi yana wanke buroshi a cikin gwangwanin kananzir, ya ce, "Yagana, abin nan bai kwanta mini ba. Fuskarki ce fa, kuma ba ranar daɗi ba."

Na ce, "Ya Modu, wa zai sayi mai wankin hula? Ƙofa ta buɗe, ka shiga kawai. Suna kuma ai daga baya zai zo."

Ya dube ni ya ce, "To, tunda ke kika faɗa."

Wannan "to" ɗin har yau tana bina.

Shekara biyu yana zana mace ɗaya. Yau da gyale ja, gobe da goyo, jibi da ƙullin kaya a ka, amma tagumin nan ɗaya ne. Masu shaguna suka riƙa zuwa yana ce musu ba shi da lokaci, har suka daina zuwa. Bai taɓa tambayar ina zanen ke tafiya ba, bai ɗauki hoton ko ɗaya ba, ba takarda tsakaninsa da Haruna, bai san fuskar ko mutum ɗaya cikin masu saye ba. Yabo kawai ake kawo masa a baki, shi kuma yana sha. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mu a gida murna muke yi, mun yi wa rogo kallon kitse.

Rannan Haruna ya daina ɗaga waya. Daga baya muka ji ya samu wasu da suka iya kwaikwayon matar, kuma sun fi sauri. Ya Modu ya koma neman aikin alluna, ya tarar injin buga hoto ya riga ya cinye kasuwar. Duk wannan bai karya shi ba kamar abin da ya biyo baya. Ya ɗauko ƙyalle sabo zai zana masu wankin hula irin na da. Na shigo na ga ya zauna ya zuba wa zanen ido. Mutum uku ne a tsugune, ga huluna, ga rana, amma dukansu idona ne da su, idon ranar makoki. Ya ce, "Kin gani? Hannun ya ƙi dawowa." Ban ƙara ganin ya buɗe fenti ba. Ciwon ya same shi bayan 'yan watanni.

Yanzu idan na ga matasan garin nan suna baza zanensu a waya, kowa da sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasa, nakan tambayi kaina me zai ce. Ina jin zai yi murna, don mutum ne marar hassada. Amma ina jin zai tsorata kuma. Na lura duk wanda aka yaba wa abu ɗaya, shi zai yi ta maimaitawa har ya manta abin da ya sa ya fara. Haruna bai tafi ko'ina ba, ya dai koma cikin waya, ya zama mutum dubu masu tafi.

Shekaran jiya waccan aka tura mu bitar malamai a wani zaure a GRA. Ina shiga na ga kaina a bango, cikin gilashi. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa aikin wata 'yar gudun hijira ce da ba a san sunanta ba. Wuni guda na zauna a ƙarƙashin fuskata, ba wanda ya gane, ni ma ban gaya wa kowa aikin yayana ne ba. Da me zan kafa hujja? Zane-zanensa na farko, na masu wankin hula, suna ɗakin mahaifiyarmu, ambaliya ta shiga ta mayar da su laka.

Ya bar 'ya ɗaya, Falmata, a hannuna take. Ba wanda ya koya mata, amma bayan littattafanta duk zane ne, kuma idan tana yi takan ciji gefen leɓe kamar yadda yake yi. Kwanaki ta tambaye ni, "Goggo, da gaske Babana ya iya zane?"

Na ce ya iya, duk unguwa ba kamarsa.

Ta ce, "To nuna mini ɗaya."

Na tashi kamar zan ɗauko wani abu, na shiga ɗaki na tsaya. Shekara ashirin yana aiki, abin da ya rage shi ne shaidar bakina, ni da na ce masa ya shiga ƙofar. Allah Ya jiƙan Ya Modu, Ya sa ya yafe mini.