Gansakukar Garkar Mumuni

Shekara ashirin da biyu ke nan Mumuni yana noman garka a Gamkalley, bakin kogi. Daga Tawa ya zo Yamai da ɗan ƙunshin kaya da hauya ɗaya. Yau yana da fangali talatin na salati da karoti, da basan na siminti inda yake tara ruwan bayin shuka. Allah ya ba shi 'ya'ya biyu. Namijin zazzaɓi ya ɗauke shi yana ɗan shekara shida, sai Zuwera ta rage, ga ta har ta kai lise, babbar sakandare.

Abu ɗaya ke damun Mumuni. A lakkol, wato makaranta, Zuwera ba ta taɓa faɗin sana'ar ubanta ba. In an tambaye ta sai ta ce yana kasuwanci. Labarin ya iso kunnensa.

Wata Litinin malamar kimiyyarsu, Madam Rifkatu, ta zo sayen salati. Ta leƙa basan ɗin, ta ga gansakuka ta yi kore shar, ta yi murna kamar ta tsinci zinariya. Ba ta san garkar wa ta shigo ba. Ta roƙi Mumuni izinin kawo ajinta ran Alhamis su ga ruwan.

Ajin Zuwera za su zo baƙunta, kuma ba a tarbar baƙo da dauɗa. Ran Laraba Mumuni ya kwashe ruwan kaf, ya kankare simintin da soso da jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, har ya yi fari fat, ya cika shi da sabon ruwa.

Da Madam ta iso da ɗalibai arba'in ta leƙa, sai ta dafe kai. Ta ce ai dauɗar ta zo nuna musu. A cikin ruwa rai ya fara a doron ƙasa, shekara fiye da miliyar uku, wato miliyan dubu uku, da suka wuce, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma dangin wasunsu na nan cikin irin wannan koren. Yara suka kwashe da dariya. Zuwera tana can baya, ta sunkuyar da kai.

Mumuni ya dubi garkar da ke kusa da tasa. Basan ɗaya ya sani da bai ga soso ba tun bara, na maƙwabcinsa Nassirou, wanda kullum Mumuni ke yi wa gorin ƙyuya.

"To, sarkin tsabta," in ji Nassirou daga gindin mangwaro, "yau ƙazantata ce ta yi kasuwa?"

Aka ɗunguma can. Madam ta sa kwalba za ta ɗiba, Mumuni ya ce ta ɗan dakata rana ta ƙara ɗagawa. Ya bayyana mata cewa da sassafe koren kwance yake lumui, amma in rana ta take sai ya cika da ƙananan kumfa har ya taso sama, kuma ranar da aka yi hadari kumfar ba ta yawa. Ta tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce ba kowa, kullum yana gani in yana cika butarsa a nasa basan.

Madam ta sa shi ya maimaita da ƙarfi, ta ce kowa ya rubuta. Wannan kumfar, in ji ta, ita ce iskar da muke shaƙa. Da can duniya ba ta da ita, sai da irin waɗannan halittu suka yi ta sakin ta da ƙarfin hasken rana, shekaru bila adadin.

Suka zauna jira a inuwa, Nassirou yana ta baza haƙora kamar shi ya halicci koren. Wajen sha ɗaya kumfar ta fara tasowa, ɗaya bayan ɗaya. Yara suka yi cincirindo a bakin siminti. Zuwera ta kutsa ta tsakiyarsu da littafinta a buɗe.

"Baba," ta ce, kowa yana ji, "da sanyi ma haka take yi, ko sai da bazara?"

Mumuni ya gyara hularsa, ya soma ba ta amsa dalla-dalla.