Inna da Lungun Mata

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Hajiya Rakiya, wadda mutanen unguwar Sabo ta Ibadan suka fi sani da Inna mai dambu. Ban taɓa kawo sunanta jarida ba, don da tana raye da sai ta tsare ni da tambayar wa ya sa ni, kuma me zai samu. Abin da ya tayar mini da ita bana shi ne wasu samari da 'yan mata da na gani kwanan baya a bakin titinmu, sanye da riguna masu ƙyalli, kowa riƙe da waya mai faɗi, suna tsayar da masu wucewa. Wai za a kawo sababbin motocin haya dogaye masu hanyarsu daban, kuma kafin a fara sai an ji ta bakin jama'a, an duba illar da aikin zai yi wa muhalli. Yara ne masu ladabi, har da durƙusawa suka gaishe ni. Amma tun kafin in kai gida zargi ya shiga raina, domin na taɓa jin wannan magana da kunnena.

Inna mace ce da ba ta yarda da abu don kawai an faɗe shi da murmushi. Ka yabi dambunta, sai ta ɗanɗana ta ji ko gishiri ne ya yi yawa kake zolayarta. Mai kayan miya ya yi mata gyara ba ta roƙa ba, sai ta zazzage kwandon ta duba na ƙasa. Mahaifinmu kuwa, Alhaji Sule mai albasa a Kasuwar Bodija, kowa ya zo masa da zance mai daɗi sai ya ce madalla. Yadda suka zauna lafiya tsawon aurensu, Allah kaɗai ya sani.

Ga wanda bai san Sabo ta wancan lokaci ba, bari in yi bayani. Iyayenmu mata suna kulle. Sana'a a cikin gida ake yin ta, kuma matar aure ba ta bin babban titi, inda shaguna da majalisun maza suke, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Amma a bayan layinmu akwai wani siririn lungu wanda ƙofofin baya na gidaje suke buɗewa a cikinsa, ɗaya gefen kuma doguwar katanga ce ta raba shi da wani fili da ba kowa sai bishiyar mangwaro. Lungun Mata ake ce masa. Ba wanda ya kafa doka, amma namiji baligi ba ya bin sa. Da rana akuyoyi ne kawai a ciki. Da zarar an idar da sallar Magariba sai ƙofofi su buɗe, mata su fito da mayafansu, wannan za ta barka, waccan za ta dubiya, wata za ta aron turmi. Kafin a kira Isha'i kowa ta koma ɗakinta.

Inna tana da abin da ya fi aron turmi a ƙarshen wannan lungu. Yayarta ce, Hajiya Asabe, wadda muke kira Iya Babba. Su biyu kaɗai aure ya kawo Ibadan daga ƙauyensu na ƙasar Kano, kuma Iya Babba ta makance bayan mijinta ya rasu, tana zaune a hannun ɗan mijin. Ba a wulaƙanta ta, amma ba mai zama ya yi hira da ita. Kullum da almuru Inna kan ɗauki kwanon tuwo ta bi lungun, ta ba ta abinci, ta yanke mata farce ko ta tsefe mata kai, ta kwashe labarin unguwa kaf ta zuba mata. Tun ina goye take wannan tafiya, har na gama makarantar horon malamai na fara koyarwa a Mokola.

A farkon shekarun casa'in, zamanin soja, wahalar mota ta kai inda ta kai. Baba kan tsaya a shataletalen Mokola yana kokawar shiga danfo, ƙananan motocin nan da ake cusa mutane kamar buhunan albasarsa, ya dawo da riga a yage. Sai labari ya zo cewa za a kawo manyan motoci da za su riƙa zuwa Bodija da Ojoo, kuma za a yi musu ƙaramar tasha a filin nan na mangwaro. Za a rushe katangar, fasinjoji su riƙa ratsa lungun su fita titi. Baba ya yi murna, ni ma na yi. Inna ta ci gaba da dakan namanta, ta ce, "Mota ba ta zuwa ita kaɗai. Ku tambaya su wa za ta kwaso."

Aka turo masu bincike daga wani kamfani da aka ba aikin. Ba zan ce ba su yi aiki ba. Na gan su suna auna faɗin kwata, suna duba inda ruwan sama ke bi, suna lissafin hayaƙi da ƙarar inji. Suka kafa kujera a bakin lungun tun safe har la'asar, kwana da kwanaki, don su ga masu bin sa. Akuyoyi suka gani, suka tattara kayansu kafin rana ta faɗi, suka tafi da cewa lungu ne da ba mai amfani da shi.

Sannan aka kira taron jin ra'ayi a wani babban zaure. Maza ne suka tambaya, maza suka amsa. Kowane magidanci a zauren nan ya san matarsa tana bin lungun, kuma ba wanda ya ce uffan. An ce wani dattijo ya fara da cewa, "Sai dai akwai maganar iyali," aka yi ta gyaran murya, ya zauna. Da Baba ya dawo, Inna ta ajiye masa abinci, ta koma gefe ta zauna.

"Alhaji, ku da kuka je, bakinku ne ke ciwo?"

"Haba Hajiya. A gaban baƙin maza zan miƙe in ce iyalina na fita da almuru? Da wane idon zan dubi mutane?"

"To su baƙin, wa ya gaya musu su tashi da la'asar?"

Baba ya ja kwano ya fara cin abincinsa. Inna ta ɗauki wannan shirun ta ajiye, ba ta kuma sake shi ba har ta mutu.

Ni ce mai jin Yarabanci da Turanci a gidan, kuma a lokacin ina ganin ba abin da bayani ba ya gyarawa. Na je ofishin kamfanin na roƙa a turo mace, tunda maza ba sa shiga gidajenmu. Abin mamaki, suka turo. Wata Bayarabiya ce mai fara'a, Madam muka riƙa ce mata. Ta cire takalmi a ƙofar ɗaki, ta durƙusa har ƙasa ta gai da Inna, ta ci dambu har da neman ƙari. Matan layi suka cika tsakar gidanmu, ina fassara, tana rubutawa. Inna ta ce mata kada ta yarda da maganar kowa, ta zauna zuwa Magariba ta gani da idonta. Madam ta dubi agogo, ta ce yaranta suna can wani gefen gari, amma lalle za ta dawo wata rana da yamma.

Da ta tafi na ce, "Inna, kin ga ai sun saurare mu." Ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana. Ta ce, "Ke, zo nan." Ta ja ni ƙofar baya, ta sa na taka turmi na leƙa ta kan katanga. An jibge yashi da tsakuwa a filin, tudu guda. Ta ce tun shekaranjiya ta ji tifa tana juyewa, kuma wanda yake shawara ba ya sayen yashi. Madam ba ta dawo ba.

Har yau ban san gaskiyar abin ba, kuma ba zan ɗora wa kowa laifin da ban gani ba. Mai yiwuwa Madam ta rubuta duk abin da muka faɗa, na sama da ita suka ture. Mai yiwuwa masu binciken da zuciya ɗaya suka zauna, lokacin tashinsu daga aiki ne kawai ya zo kafin lokacin fitarmu. Mai yiwuwa kunya ce tsagwaronta ta ɗaure bakin iyayenmu maza. Inna dai ba ta karɓi ko ɗaya ba. Ta ce wanda ya nuna wa baƙi filin ɗan unguwa ne, kuma ɗan unguwa ya san lokacin da mata ke fitowa. Da aka gama ginin, wasu daga cikin waɗanda suka zauna sahun gaba a taron suka buɗe rumfuna a bakin tashar, sai ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe. Mangwaron kuwa ba a taɓa shi ba, har da'irar siminti aka yi masa, wai kare muhalli. Inna ta ce ya fi su gata ne don shi da rana ake ganinsa.

Aka rushe katanga, motoci suka zo, fentinsu na sheƙi. Baba ya huta da kokawa, wannan gaskiya ne, ni ma na shige su na ji daɗi. Amma tare da su 'yan kamasho suka zo, waɗanda a nan ake kira agbero, da masu shayi, da makanikai, da masu fitsari a jikin bango. Magariba ce ma lokacin da tashar ta fi cika. Inna ta gwada sau ɗaya. Ta ja mayafi ta fita da kwanonta, ba ta yi nisa ba wani agbero ya sha gabanta yana cewa, "Alhaja, Ojoo?" ya kai hannu zai karɓi kwanon, a zatonsa fasinja ce. Ba mugunta ya nufa ba, aikinsa yake yi. Inna ta juyo, ta rufe ƙofar baya ta sa sakata, ta zauna a bakin murhu da kwanon tuwon a cinyarta. Ban taɓa ganin ta haka ba, kuma na ji tausayinta ƙwarai.

Baba ya ce ta riƙa bi ta titi, wani ya raka ta. Amma titin nan ta gaban masallaci ya bi, ta gaban majalisar abokansa, kuma macen da ta tsufa a kulle ba za ta iya ratsa su kullum da kwano a hannu ba. Zuwan ya koma na Juma'a, daga baya ya koma sai an yi dalili. Ni na ci gaba da kai tuwon kafin in yi aure, amma ba tuwo Iya Babba ke jira ba. Da ta ji sallamata sai ta karkata kai ta saurari bayana, ta ce, "Rakiya ba ta zo ba?" In ce gobe. Haka na yi ta cewa gobe har wata Laraba da hantsi aka aiko cewa ta cika. Inna ta yi kusan wata ba ta gan ta ba.

Motocin ma ba su yi tsawon rai ba. Cikin 'yan shekaru suka lalace ɗaya bayan ɗaya, babu kayan gyara, aka bar gawarwakinsu a filin kaji na ƙwai a ciki. Danfo suka gaje tashar, agbero suka zauna daram. Ba wanda ya zo da abin awo ya duba ko za a mayar da katanga.

Na san za a ce zamani ya wuce wannan. Jikokin Inna suna hawa keke napep su je inda suka ga dama, suna gaisawa ta waya, kuma ban ce a mayar da su lungu ba. Garin nan yana bukatar motoci, ni da ciwon gwiwa na fi kowa sani. Amma da Inna za ta ga yaran nan masu riguna masu ƙyalli, na san ba za ta tambaye su launin mota ko kuɗin shiga ba. Za ta tambaye su wa ba su gani ba. Shi ya sa na koma washegari na sami ɗaya daga cikin 'yan matan, na ce, "'Yata, yaushe kuke tashi?" Ta ce kafin la'asar, saboda cunkoso. Na ce mata har yanzu akwai tsofaffi da masu kulle a bayan waɗannan ƙofofi. Ta rubuta a wayarta, ta yi mini murmushi mai kyau, ta ce za su dawo.

Mutane sun ce Inna ta cika zargi, ni ma na sha faɗa mata haka. Yanzu da na kai shekarunta na gane ba baƙin hali ba ne. Mace ce da ba a taɓa kiran ta taro ba, ba ta da wata hanyar kare abin da take so sai ta kasa kunne ta ji abin da tifa ke juyewa a bayan katanga. Ba ta bar mana gida ko gwal ba. Wannan kunnen ta bar mini, kuma ko da yana hana ni sakin jiki da mutanen kirki wani lokaci, ba zan musanya shi ba.

Ranar da ta rasu, motar da za ta kai ta maƙabarta ba ta sami wurin tsayawa a titi ba, sai aka ajiye ta a tashar. Bayan an sallace ta, maza suka ga ta lungu ya fi kusa. Na zare sakatar ƙofar baya, wadda ta yi tsatsa har sai da na sa ƙarfi, na tsaya daga ciki tunda mata ba sa rakiya. Agbero suka daina kira, mai shayi ya kashe rediyonsa, fasinjoji suka manne da bango suka ba da hanya. Baba yana gaba, ya riƙe makara da hannu biyu, bai ɗaga kai ba. Haka Inna ta bi Lungun Mata tun daga ƙofarmu, ba wanda ya sha gabanta, aka wuce da ita ta ƙofar Iya Babba ba a tsaya ba.