Tsawar da Goggo Ta Nema

A shekarar da zan gama sakandare babu abin da nake so kamar in karanta aikin jinya a jami'a. Yawancin 'yan ajinmu kwalejin nas suka nufa, su yi shekara uku su fito. Ni kuwa digiri nake so, na shekara biyar. Na yi makonni ina aron wayar yayata ina duba jami'o'in da ke koyar da kwas ɗin, ina jera su a bayan littafin bayoloji, a shafukan da nake ɓoye waƙoƙina. Wata na so ta don ɗakin karatunta ya yi mini kyau a hoto. Wata na soke ta don sunan garinta bai yi mini daɗin faɗa ba. Da irin wannan ma'auni nake auna rayuwata a lokacin, kuma a ganina babu mai hankali kamata a duk garin Gummi.

Da na kai maganar gaban Baba, ya saurare ni har na gama, yana sosa gemu. Sannan ya ce shi taki da iri ya sani, bai san asibiti ba sai in an kai shi.

"Ki tai wurin Goggonki," ya ce. "Abin da ta yanke shi za a yi."

Saura mako biyu a rufe rajistar jarrabawar shiga jami'a, kuma a cikin fom ɗin ne mutum ke rubuta kwas da jami'ar da yake so. In ban samu amincewa kafin nan ba, sai dai in sa karatun malanta, wanda Baba ya riga ya ce ya yi daidai da yarinya mai sanyi irina.

Goggo yayar Baba ce, ita ta goye shi. Ta dawo gidanmu ne daga ƙauyensu na wajen Zugu bayan 'yan bindiga sun hana su noma shekara biyu a jere. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma a danginmu ita ce masaniyar asibiti. Duk wanda ya kwanta, ita ke naɗe tabarma ta ɗauki buta ta bi shi. Ta yi jinya a Bukkuyum, ta yi a Gummi, ta yi mafi tsawo a Anka lokacin gubar dalma, tare da jikanta, ɗan 'yarta da ke aure a Bagega. Ta san nas-nas kamar yadda makiyayi ya san shanu, daga tafiyarsu take gane halinsu.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, Inna na gefe tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ke ka son zama nas?"

"Eh, Goggo."

"Mi?"

"Na ce eh."

Ta juya wajen Inna. "Kin gani ko? Ni da nike gabanta ban ji ta ba. Mai naƙuda ce za ta ji ta?"

Daga nan ta shimfiɗa mana iliminta. A wurin Goggo, aikin nas kashi biyu ne, allura da tsawa, kuma tsawar ce babba. Ta ba mu labarin wata gajeriyar nas da ta haɗu da ita a Anka. Matar ta kama ta tana ba jikanta fura ba ta wanke masa hannu ba, bayan an yi ta gargaɗi cewa ƙurar dutsen zinariya ta hannu take shiga cikin yara. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta wanke Goggo tas a gaban mutane.

"Kwana biyu ban iya duban idonta ba," in ji Goggo, fuskarta cike da ƙauna. "Amma tun ranar ban sake ba. Ga yaron can yanzu ya zama ƙato. Akwai wata kuma mai sannu-sannu, kowa na sonta, kowa na yi mata addu'a. Da ta juya baya sai a tura maganinta ƙarƙashin katifa."

Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita abin da digiri ya ƙunsa. Na ce za a koya mana sassan jikin mutum, da yadda magunguna ke aiki, da kula da mai ciki, da kwantar wa marar lafiya hankali. Na faɗi wannan na ƙarshe da wata irin murya da nake ganin za ta ratsa zuciyarta.

"A shekara ta nawa aka koya tsawa?"

"Ba a koyarwa, Goggo."

"To shekara biyar ɗin mi aka yi?"

Inna ta sunkuyar da kai cikin shinkafa, kafaɗunta na rawa.

Hukuncin da aka yanke shi ne kwana goma. In a cikinsu Goggo ta ji da kunnenta na daka wa wani tsawa har ya saki abin da ke hannunsa, to a sa nas a fom. In ba ta ji ba, malanta. Na so in tuna mata cewa malamai ma suna tsawa, sai na ga kamar zan rufe wa kaina ƙofa ta biyu.

Inna ce ta fi kowa jin abin. "Shekara goma sha takwas ina koya miki sassauta murya," ta ce da ni a madafi, "yanzu an ce in warware cikin kwana goma. Ni kam ban san ta ina zan kama ba."

Da awaki na fara. Muna da wata jar akuya da ba ta ganin shanya ta ƙyale. Na same ta baki cikin dawar da aka baza a tabarma, na tattara duk iskar da ke ƙirjina, na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Haba, ke kuwa." Akuyar ta ɗago ta dube ni da tausayi, ta ci gaba da ci.

Rana ta uku na ce gidan ne ya yi mini ƙunci. Na bi matan unguwarmu zuwa bakin gulbi, na yi nesa da masu wanki, na tsaya inda babu mai jina. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat, wasu balbelu na tsaye a ciki kamar an dasa su. Na ce bari in ɗan duba su kafin in fara. Da azahar na koma gida da baiti shida a kan balbela, ban yi tsawa ko ɗaya ba.

Rana ta shida Inna da yayata suka shirya dabara. Yayata za ta zo daga gidanta, ta ɗauki kwanon Goggo na sha kamar za ta zuba wa kaji ruwa a ciki, ni kuma in fito in yi mata tsawa, ita kuma ta saki kwanon. Mun gwada sau uku a ɗaki. Da lokaci ya yi, yayata ta saki kwanon tun ban buɗe baki ba, ni kuma don kada shiri ya lalace na bi shi da "Ke!" bayan ya gama gangarawa.

Goggo ba ta ko daina ɓarar gyaɗarta ba. "'Yan wasan rediyo sun fi ku iyawa," ta ce. "Ki ɗauko mini kwanona ki wanke."

Daga ranar na fara saba wa kaina da malanta. Na riƙa hango kaina a gaban allo, yara na hawa benci suna sauka, ni kuma ina roƙonsu. Na buɗe bayan littafin bayoloji na dubi jerin jami'o'ina, na yi musu wani ɗan guntun baiti na bankwana. Ko shi bai yi daɗi ba.

Rana ta tara da hantsi ina wanke-wanke a tsakar gida, sai matar maƙwabcinmu ta yi sallama. Yarinya ce, ba ta fi ni da shekara biyu ba, cikinta na fari ya kai wata bakwai. Ta zauna kusa da Goggo tana dafe da goshi. Ta ce kwana uku ke nan kanta na sara, idonta na ganin wasu ƙyalli-ƙyalli. Na dubi ƙafafunta, sun kumbura har silifas ya nutse a ciki.

"Wannan ai irin nawa ne," in ji Goggo. "Tsaya."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin madara. Na san gwangwanin, domin ni ke karanta mata takardun da ke ciki. Ƙwayoyinta na hawan jini ne, da ragowar magungunan duk wanda ta taɓa yi wa jinya, wasu sun rabu da kwalinsu tun ina firamare. Ashe raba su take yi wa baƙi kamar goro. Ta zaro ɗaya daga nata, ta ƙara da wata rawaya da ko ni ban san ta ba, ta miƙa.

Ban san komai ba a lokacin sai abin da na tsinta a littafi da waya. Amma na san ba kowane magani mai ciki ke sha ba, kuma na san ciwon kai da kumburin ƙafa a wata na bakwai ba abin gwangwani ba ne. Yarinyar ta buɗe tafin hannu.

"Aje shi!"

Ban gane muryar ba. Kaji suka watse. Ƙwayoyin suka faɗi ƙasa, gwangwanin ya bi su.

"Aje shi na ce, Goggo! Wa ya ce ki ba ta? Kin san abin da ke cikinsa? In wani abu ya sami cikin nan, me za ki ce wa mijinta?" Na juya kan yarinyar, hannuna duk kumfar sabulu. "Ke kuma duk abin da aka miƙo miki sai ki haɗiye? Yaushe rabonki da awo? Tashi ki ɗauko hijabinki, yanzun nan!"

Ta tashi kuwa, da saurin da ban zaci mai ciki na da shi ba. Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu, ɗaya hannun a kan baki. Goggo na zaune inda take, hannunta a miƙe, babu komai a ciki.

Aka kira mijin a waya, ya ce a tafi yana zuwa. Ni na raka ta asibiti. Suka auna ta, suka ce ba za ta koma gida ranar ba. Sai da na ga an kwantar da ita, uwar mijinta ta iso, sannan abin da na yi ya sauko mini. Na daka wa matar da ta goyi ubana tsawa a gaban baƙuwa. A gidanmu ko sunanta ba a kamawa. Duk hanyar dawowa ƙafata ba ta so ta isa.

Na tarar Baba ya dawo daga kasuwa sallar la'asar, yana tsaye a ƙofar ɗakin Goggo, hularsa a hannu. Na raɓe bayan rumbu.

"Ka bar ta ta tahi," na ji tana cewa. "Ɗiyar ga ba ta da kunya ko kaɗan. Ta yi daidai da aikin."

Baba ya juya hularsa, yana neman inda zai ajiye maganar, ko a yabo ko a ƙara. Daga baya ya ce, "To, Allah shi sa albarka."

Ban ji daɗi yadda na zata ba. Washegari da safe na kai mata kunu, na durƙusa, na ce ta yafe mini, ban san lokacin da maganar ta fito ba, kuma ba zan ƙara ba.

"Tashi," ta ce. "Kar ki ɓata abin. Wace nas kika taɓa gani ta dawo ba da haƙuri?"

Na ce duk da haka.

"Na ce tashi. Kuma ba za ki ƙara ba kamar yaya? To mi za ki je yi can?"

Don in gyara zama, sai na nemi shawararta a kan jami'o'i biyun da suka rage mini. Ɗaya motar safe na kai mutum kafin azahar. Ɗayar kuma wuni guda ake yi a hanya, sai hutu ake dawowa.

Ta kurɓi kunu, ta dube ni ta saman kwano.

"Sa mai nisan."

Ita na sa. Yanzu ina aji huɗu. A ajin farko aka koya mana cewa ba a ɗaga wa marar lafiya murya, ana durƙusawa daidai fuskarsa a yi masa bayani a hankali, a tambaye shi ko ya gane. A wannan darasi ne kaɗai ban taɓa shan wahala ba, har malamarmu takan sa in gwada wa 'yan aji. Ban faɗa wa Goggo ba. Tana gaya wa matan unguwa cewa a can duk tsorona ake ji, kuma ita ta gano ni. In na dawo hutu kuwa, kafin in gama sallama nakan ji ƙarar gwangwani ana tura shi ƙarƙashin gado.